Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Hilux Mai Jan Baya Ta Zama Kat-Kat

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Damagaram zuwa kasuwannin ƙauye da ke bayan Tanut ko arewacin Gure ya san inda ƙarfin mota mai jan ƙafafun baya kaɗai yake ƙarewa. Muddin tana kan kwalta ko burji ba ta da laifi, amma da zarar an sauka cikin rairayi mai laushi, ko aka tarar da korama ta kawo ruwa a watan Agusta, sai tayoyin baya su haƙa wa kansu rami su zauna a ciki. Wannan ne ya sa masu tsofaffin motocin ɗaukar kaya suke yawan tambayar makanikai ko za a iya mayar da su kat-kat, wato masu jan ƙafa huɗu. Ana iyawa, kuma an sha yi, sai dai nasarar aikin ta rataya ne a kan abu guda: a samu wata kat-kat irin tata da ta lalace, a kwashe kayan daga jikinta gaba ɗaya. Wanda ya tsinto pon (ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu na mota) a nan, akwatin giya a can, sitiyari a wani wuri, yakan ƙare da motar da ta shafe watanni a kan duwatsu a garaji.

Bayanin zai tsaya ne a kan Toyota Hilux ƙirar 1988 zuwa 1997, domin kayanta sun fi samuwa a yankinmu kuma makanikanmu sun san cikinta. A wannan ƙirar, LN85 ita ce mai jan baya mai injin gazuwal 2L na lita 2.4, LN106 kuwa ita ce kat-kat mai injin 3L na lita 2.8, wadda take da pon guda miƙaƙƙe a gaba, wato abin da 'yan Kano ke kira aksil. Masu Peugeot 504 bashe su ma sukan yi wannan tambaya, tun da kamfanin Dangel na Faransa ya fitar da 504 mai jan ƙafa huɗu a shekarun 1980, amma kayan Dangel sun yi ƙarancin da ba zan ba kowa shawarar ya dogara da su ba.

Bambancin da ke tsakanin motocin biyu

Ido yana nuna kamar tsawo ne kawai ya raba su, amma idan aka shiga ƙarƙashi za a ga kusan komai daban ne. Ƙafafun gaba na mai jan baya kowace tana motsi ita kaɗai a kan hannaye biyu da sandar ƙarfe mai murɗawa, yayin da LN106 take ɗauke da ganyen sifirin a gaba kamar yadda yake a baya. A mai jan baya, pon na baya yana zaune ne a saman sifirin, shi ya sa take ƙasa-ƙasa. A kat-kat sifirin ne yake hawa kan pon. Ƙafar mai jan baya noti 5 take ɗaurawa, ta kat-kat noti 6, saboda haka ko wilin taya ba za su yi musaya ba. Akwatin giyar mai jan baya yana ƙarewa da doguwar wutsiya, na kat-kat kuwa an gajarta shi aka ɗaura masa akwati na biyu, wanda ake kira tiransifa, mai raba ƙarfi zuwa gaba da baya. Shasi ɗin kansa ma daban yake a gaba, kuma a nan ne wahalar aikin take.

Daga wannan bambanci hanyoyi biyu suka fito. Ta farko ita ce a ɗauke gida da akori da inji daga tsohuwar mota a ɗora su kan shasi na kat-kat da dukkan ƙafafunsa. Ta biyu ita ce a bar shasin mota yadda yake, a yanke kayan gabansa, a yi waldar sababbin mariƙan sifirin. A ganina hanya ta farko ta fi lafiya nesa ba kusa ba, domin duk awon da ya shafi sitiyari da birki yana nan yadda masana'anta ta yi shi, kuma ba a bar ran mutane a hannun ƙwarewar mai walda ba. Ta biyu ana komawa gare ta ne idan shasin motar da aka samo ya lanƙwashe ko takardunsa ba su cika ba.

Lissafi tukuna

Kafin a kwance noti ko guda, mai mota ya zauna da takarda ya rubuta abin da motarsa za ta yi idan ya sayar da ita yau, ya ɗora kuɗin motar da za a kwashe, da ladan makaniki da mai walda da mai waya, da tayoyi biyar, da sababbin robobi da boris da mai, da kuɗin takardu, da kuma abin da motar take kawo masa a mako a ninka da makonnin da za ta yi a tsaye. Idan jimlar ta kai ko ta kusa kuɗin kat-kat mai lafiya a kasuwa, sayarwa a ƙara kuɗi a sayi wata ya fi. Aikin yana da riba ne ga wanda injinsa da gidan motarsa suke da kyau, kuma ya ci karo da kat-kat da ta yi haɗari ko injinta ya mutu a farashi mai sauƙi. Haka nan wanda matsalarsa ba ta wuce ɗan rairayin kilomita biyu ko uku kafin ya shiga ƙauyensu ba, tayoyi masu faɗi da rage musu iska da shebur da faranti biyu na ƙarfe za su iya raba shi da wannan ɗawainiya.

Neman motar da za a kwashe

A fara neman ta a gida, a garajojin Damagaram da Maraɗi da Agadas, inda motocin ayyukan raya karkara da suka tsufa sukan zauna shekaru. Idan ba a dace ba sai a nufi Kano, inda Kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna a kan kayan mota na hannu. Duk inda aka saya a karɓi rasit mai ɗauke da lambar shasi, kuma abin da aka shigo da shi daga Najeriya a bi da shi ta hannun duwan a riƙe takardarsa.

Abu na farko da za a duba shi ne ɓangaren da sitiyari yake. Motocinmu sitiyarin hagu ne, amma cikin kayan da ake kwancewa daga Japan ko Ingila akwai na sitiyarin dama, kuma hannun da ke juya ƙafa a kan pon ɗinsu yana ɗaya ɓangaren, akwatin sitiyarin ma ba zai ɗauru a namu ba. Na biyu, a tabbatar gefen da tulun pon na gaba (kumburin da haƙoransa ke ciki) yake ya yi daidai da gefen da tiransifa take fitar da kardan, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa pon. A LN106 duka biyun suna dama. Na uku, a ɗaure igiya daga kusurwar gaba ta hagu ta shasi zuwa kusurwar baya ta dama, a sake yin haka a ɗaya gefen, a gwada tsawon biyun. Idan sun bambanta da abin da ya wuce 'yan milimita, shasin ya karkace tun daga haɗarin da ya kashe motar. A kuma auna tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya a motocin biyu, domin shasin mai gida biyu da na mai gida ɗaya ba su da mazaunin gida a wuri guda.

Kada a bar ƙananan abubuwa a wurin mai sayarwa da tunanin za a same su daga baya. Sandar da ke tallafe akwatin giya, sandunan giya biyu da robarsu, kardan na gaba da na baya, kaskon mai na ƙarƙashin inji tare da bututun tsotsarsa da sandar awon mai, wayar agogon gudu, wayar birkin hannu, bututun birki, har da notuna da wasa-wasai, duk a tattara su a buhu a rubuta sunan inda aka cire kowanne. Waɗannan ne suke tsayar da aiki, ba manyan kaya ba.

Daidaita haƙoran pon

Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure mai tsada, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A cikin kowane pon akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, kuma yawan haƙoran babban a raba da na ƙaramin shi ne adadin juyin da kardan zai yi kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A Hilux ana yawan samun 41 da 10, wato 4.10, ko 43 da 10, wato 4.30, ko 41 da 9, wato 4.56, ko 39 da 8, wato 4.88. Tiransifar wannan mota ba ta da abin da ke sasanta gudun gaba da na baya. Idan aka sa kurabo, wato aka haɗa jan ƙafa huɗu, kardan biyun sun zama kamar sanda guda. Saboda haka idan gaba 4.56 ne baya kuma 4.30, ƙafafun baya za su riƙa neman wuce na gaba da kusan kashi 6 cikin 100, wato a duk mita 100 sai tayoyi sun goge ƙasa na kusan mita 6. A cikin rairayi mai laushi ba za a ji ba da farko, amma ranar da aka hau busasshen laka ko dutse, ko dai kardan ya murɗe, ko haƙoran tiransifa su zube, ko gaɓar cikin ƙafar gaba ta fashe.

A ɗakin inji akwai ƙaramin faranti mai ɗauke da lambar pon: G292 na nufin 4.10, G282 na nufin 4.30, G252 kuma 4.56. Sai dai motar da ta shekara talatin a hannun mutane da yawa ba a yarda da farantinta, domin wataƙila an taɓa sauya mata pon. A ɗaga ƙafa ɗaya da jak a bar ɗayar a ƙasa, a sa alamar alli a jikin taya da kuma inda kardan ke ɗauruwa, a juya tayar sau 20 daidai wani yana ƙirga juyin kardan, sannan a raba abin da ya ƙirga da 10. Idan ya ƙirga 43, pon ɗin 4.30 ne. A yi wa na gaba haka bayan an kulle ƙafafunsa da makullin da ke tsakiyar wili. Idan akwai shakka ko kaɗan, a zare tulun a ƙirga haƙoran da hannu. Ga motar da ke ɗaukar buhunan gero da injin 2L, 4.56 ko 4.88 sun fi dacewa, ko da yake za a rasa ɗan gudu a kan hanyar Yamai. Tayoyin huɗu su ma dole su zama girma ɗaya, domin taya babba a gefe guda tana haifar da irin wannan ɓarna.

Maganar takardu

Lambar da ke kan kart giriz, wato takardar rajistar mota, lambar shasi ce, don haka wanda ya ɗora gidan motarsa a kan wani shasi, a idon hukuma motar da ke da shasin yake tuƙawa. Tun kafin a fara aiki a je ofishin sufuri na jiha da takardun motocin biyu a ji yadda za a gyara rajistar, a kuma sanar da kamfanin inshora. Kada a yarda wani ya yanko lambar tsohon shasi ya liƙa a sabon, ko ya sake buga ta da guduma. Wannan laifi ne, kuma jandarma a shingen hanya sun san yadda lambar asali take.

Hanya ta farko: sauya shasi

A fara da gyara shasin kat-kat tun babu gida a kansa, domin ba za a sake samun irin wannan sarari ba. A wanke shi, a kankare tsatsa, a duba tsagewa musamman kewayen akwatin sitiyari da mariƙan sifirin, a shafa fenti. A buɗe ƙafafun gaba duka biyu. Idan an ga baƙin mai yana tsatsafowa a kan ƙwallon da ƙafa ke juyawa a kai, robar cikin pon ta mutu har man giya ya gauraya da giris. A sauya ta, a sauya boris na sama da na ƙasa da ƙafar ke lilo a kansu, a wanke gaɓar cikin a duba ta, a cika da sabon giris. A sauya robobin sifirin, da shokozoba, da bututun roba na birki.

Daga nan a koma kan tsohuwar mota. A cire batir, a zubar da ruwan lagireto, a raba wayoyi ana ɗaura wa kowace alama, a kwance sandar sitiyari, bututun birki da na kuloci da na mai, da wayar birkin hannu. A sauke akori, sannan a kwance notunan gida a ɗaga shi da sarƙa ko da katako masu ƙarfi da isassun mutane. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa yana rataye. Injunan 2L da 3L dangi ɗaya ne, bakinsu da akwatin giya ɗaya ne, don haka sai a zaɓi wanda ya fi lafiya. Idan injin tsohuwar mota ne zai tafi, a ɗaura masa kaskon mai na kat-kat da bututun tsotsarsa da sandar awonsa, su ukun tare. Kaskon mai jan baya yana iya bugun pon idan sifirin ya lotsa, kuma wanda ya sauya kasko ya bar tsohon bututu yana iya barin inji yana tsotsar iska. Tun da inji da giya a rabe suke, a sa sabon faifan kuloci.

A ɗora inji da giya da tiransifa a kan shasi, a ɗaura kardan biyu da salansa, sannan a sauko da gida. Kafin ya zauna a faɗaɗa ramin da ke ƙasan gida don sandar kurabo ta samu wurin fitowa. Hanya mafi sauƙi ita ce a zana ramin motar da aka kwashe a kan kwali a kwafa shi. Wayar agogon gudu yanzu a jikin tiransifa take shiga.

Hanya ta biyu: walda a kan tsohon shasi

Wannan tana buƙatar ƙasa mai siminti madaidaiciya da mai walda wanda ya saba da shasi, wanda aikinsa ya wuce ƙofa da taga. A cire batir da tankin mai da bututunsa. Kafin a yanke komai a sa alamar tsakiyar ƙafar gaba a jikin shasi da kuma a ƙasa. A yanke mariƙan hannayen gaba da na sandar murɗawa, a goge wurin, a lulluɓe gefen shasi da faranti mai kaurin milimita 4 zuwa 5 wanda aka fere bakinsa kamar bakin kifi, domin layin walda da ya miƙe tsaye daga sama zuwa ƙasa shi ne inda shasi yake fara tsagewa. Duk awon mariƙan sifirin a ɗauko shi daga motar da aka kwashe. A ɗan ɗiga walda ta riƙe su kawai, a rataya sifirin da pon, a sauke nauyin mota a kai, a auna daga ƙafar gaba zuwa ta baya a kowane gefe da kuma a gicciye, sai awon ya yi daidai sannan a kammala waldar, kaɗan a nan kaɗan a can don zafi kada ya ja ƙarfen.

Kada a karkata pon na gaba sama da nufin sauƙaƙa wa kardan, domin kwanciyar da ƙafa take yi baya kaɗan ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, kuma idan ta ɓace mota takan riƙa yawo a kan hanya. Wurin da akwatin sitiyari zai zauna a huda shasi a zura bututun ƙarfe a cikin ramukan a yi musu walda, don noti kada ya matse shasin. Sandunan sitiyari kuwa ba a yanke su a haɗa da walda ko a gasa su a lanƙwasa. A baya a ɗaura pon mai noti 6 a ƙarƙashin sifirin domin mota ta daidaita.

Akwatin giyar mai jan baya ba ya karɓar tiransifa sai an farke shi an sauya sandar cikinsa, don haka a ɗauko giya da tiransifa a haɗe. Idan dole ta sa aka saye su daban, a ƙirga haƙoran sandar da ke haɗa su, domin akwai mai 21 akwai mai 23. Kardan na baya zai yi tsawo yanzu. A kai shi wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage shi, kunnuwan gaɓoɓinsa biyu su kasance a layi ɗaya, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa.

Birki, mai da gwaji

Tukunyar birki ta kat-kat ita ce ta dace da birkin kat-kat, don haka a ɗauko ta. A baya akwai wani ƙaramin bawul da sanda ta haɗa shi da pon, wanda ke ƙara wa ƙafafun baya birki idan an yi lodi. Makanikai da yawa suna cire shi su jefar, amma idan babu shi mota marar kaya takan kulle baya ta juya a kan burji. A mayar da shi a daidaita shi. A ɗaga mota har ƙafafu su rataya, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a tabbatar bututun birki bai miƙe ba kuma bai taɓa taya ba.

A zuba man giya mai lamba 80W-90 a pon biyu, irin GL-5, a cika giya da tiransifa har mai ya taɓo bakin ramin, a buga giris a duk gaɓoɓin kardan. Notunan taya a ɗaure su da ƙarfin 103 Nm. A wanke lagireto sosai, domin nauyi ya ƙaru, kuma jan rairayi a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, yana saurin tsaga kan injin 2L ko 3L.

Gwajin farko a yi shi mota tana kan jak huɗu masu ƙarfi: a kulle ƙafafun gaba, a sa sandar kurabo a H4, wato jan ƙafa huɗu, a ga duka suna juyawa babu ƙara. Daga nan a fita kwalta a H2, wato jan baya kaɗai, da ƙafafu a buɗe, a gwada birki a hankali, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe. Sai a nemi rairayi a bayan gari a gwada H4, sannan a tsaya cak a sa L4, wato jan ƙafa huɗu mai ƙarfi da tafiyar sannu, wanda a tiransifa mai haƙora yake ninka ƙarfi sau 2.28. Idan rairayin ya yi laushi a rage iskar taya zuwa kusan bar 1.5, a mayar da ita da zarar an hau hanya mai tauri, kuma a cire kurabo kafin a hau kwalta. Idan sandar ta ƙi fita, a ja da baya 'yan mitoci a miƙe, za ta saki.

Bayan kilomita 100 na farko a koma garaji a sake ɗaure notunan sifirin, na sitiyari, na kardan da na taya, a haska fitila a kan kowane layin walda, a maimaita haka bayan tafiyar farko da lodi. Ko a watannin da ba a buƙatar kurabo, a riƙa kulle ƙafafun gaba a yi tafiyar kilomita 16 a kowane wata, domin mai ya zagaya cikin pon na gaba.